Rap ɗin Kaduna: daga ina ya taso, kuma kaset ɗin suna hannun wa?

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya ina zaune a ƙofar gida, ɗana da abokansa suna ta musu a kan wanda ya fara rap a Kaduna. Ɗaya daga cikinsu har da rantsuwa, wai kafin ƙungiyar YNS (Yaran North Side) babu kowa, su suka sari dajin. Ban tanka musu ba, amma maganar ta kwana a raina, shi ya sa na kawo ta nan.

Allah ya sani ba na raina YNS. Abin da DJ AB da 'yan'uwansa suka yi wa rap ɗin Hausa ba ƙarami ba ne. Amma ni a tsakiyar shekarun 1990 na yi sakandare, kuma tun lokacin ana rap a garin nan. Rediyo mai kaset guda ɗaya gare mu a layinmu, na wani abokinmu ɗan soja, batir shida yake ci. Kaset in ya zo daga Legas, ko daga hannun wani da yayansa ke waje, sai ya zaga unguwa kamar kwanon ciyayya. Mu kunna, mu tsayar, mu rubuta abin da kunne ya kama a bayan littafin lissafi, mu zura biro mu mayar da zaren baya don kada batir ya ƙare. Ranar da labarin kisan Tupac ya iso a 1996, akwai wanda ya kifa kai a kan benci ya yi kuka a ajinmu. Wandon jins mai faɗi kuwa Kasuwar Barci muke zuwa mu tono shi a cikin gwanjo.

Abin da nake so yaranmu su sani shi ne, da'irar da muke yi bayan an tashi makaranta ba ta tambayar addinin kowa. Bahaushe, Bajju, Atyap, Gbagyi, Bayarabe, Ibo, duk muna ciki. Wani na dukan tebur, wani na kiɗa da baki, saura na jiran layi ya zo kansu. A wajena wannan cakuɗar ita ta haifi rap ɗin Kaduna. Wanda ya ga zamanin ya ƙara mana, wanda yake ganin na yi kuskure ya gyara min.

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam Baba. Da girmamawa, abin da kuka yi haddar waƙar Amurkawa ce. Kun maimaita Turancin da ko mahaifiyarku ba ta ji. Mu abin da muke kira rap ɗin Kaduna shi ne ranar da mai shayi a Rigasa ya ji waƙa a waya ya gane kowace kalma, har ya yi dariya a inda ya kamata. Wannan kuwa sai zamanin su DJ AB da Feezy. Sunan ma da suka ɗauka, Yaran North Side, rabi Hausa rabi Turanci, haka muke magana a titi. Kafin su, in ka ce kana rap da Hausa dariya za a yi maka a ce kai ɗan ƙauye ne.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, ɗana, kuma laifinmu ne. Mu ne masu dariyar. Mun ɗauka Hausa ta nanaye ce da waƙar biki. Amma kada ka ce hadda kawai muka yi. Da hadda aka fara, daga baya mutane suka rubuta nasu.

Maman Joy, Sabon Tasha:
Baban Khalifa, ka tayar min da tsohon miki. A Tudun Wada aka haife ni, a can na yi firamare, Hausar da nake rubutawa yanzu a bakin maƙwabta na koye ta. Watan Fabrairun 2000, da rikici ya ɓarke a garin, muka tsallaka gadar kogin Kaduna zuwa kudu da abin da hannu ya iya ɗauka, ba mu sake kwana a gidan ba. Bayan rikicin 2002 kuma sauran waɗanda suka daure suka biyo mu. Yayana yana cikin irin da'irar da kake faɗa. Su huɗu ne, biyu Musulmi biyu Kirista, suna da littafi guda da suke rubuta baitocinsu a ciki, kowa da launin bironsa. Bayan an rabu, shekara ta fi biyu ba su haɗu ba, alhali tsakaninsu kuɗin bas ɗaya ne. Ƙungiyar ba faɗa ta yi ba, garin ne ya tsage a ƙarƙashinta.

Ɗan Rigasa, ƙanina, ka ce kafin su babu kowa. To Terry Tha Rapman fa? Pherowshuz fa? 'Yan Kaduna ne, kuma a shekarun 2000 duk mai bin rap a Najeriya ya san su. Terry ya yi zama a ƙungiyar SWAT Root a Abuja tare da Modenine, lokacin da ake auna mawaƙi da nauyin alƙalaminsa. Skales a garin nan ya tashi a hannun mahaifiyarsa kafin kamfanin Banky W ya ɗauke shi a 2009. Da Turanci da broka suka yi, na yarda. Amma Kaduna ba Hausa kaɗai take ji ba, kuma ba ta taɓa zama haka ba.

Ɗan Rigasa:
Anti, Allah ya huci zuciyarki, ban san kin zauna a ɓangarenmu ba. Sunayen nan na san su, amma ni a matsayin 'yan Legas na san su. Duk wanda ya yi ƙarfi sai ya tafi. Su YNS a nan suka zauna suka yi suna, bambancin ke nan.

Maman Joy, Sabon Tasha:
Sun tafi ne don a lokacin babu intanet a aljihun kowa. In ba ka je inda kamfanoni da 'yan kasuwar faifai ta Alaba a Legas suke ba, faifanka ba zai wuce unguwarku ba. Ba ƙin gida ba ne.

Malamin Hausa, Kawo:
Ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofa. Dukkanku kuna kallon Amurka, kun manta abin da ke ƙofar gida. Ba banza ba kafafen labarai na Hausa suke kiran rap da waƙar gambara. 'Yan gambara suna yawo kasuwa-kasuwa da kiɗansu, suna zuba magana da sauri, habaici da zambo da barkwanci, wani ya jefa wani ya cafe. Ku dubi kirarin ɗan dambe in ya shigo fili: ni ne wane, na gagari wane, na kwana a inda maza ke tsoro. Mene ne bambancinsa da mai rap da ke cika baki? Ku dubi Shata, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 1999, yadda yake ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a ba takarda. Ku dubi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, waƙar talaka da ɗan ƙwadago yake yi. Saboda haka ni a ganina rap dawowa gida ya yi, ba baƙo ba ne.

Mai Sutudiyo, Barnawa:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Kama da wane ba ta wane. Hip hop yana da ranar haihuwa da unguwar haihuwa. A Bronx ta birnin Niyok ne, kuma ranar da aka fi kafa hujja da ita ita ce 11 ga Agusta 1973, a wani biki da DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, ya yi kiɗa. Dabararsa ita ce ya sa faifai biyu iri ɗaya, ya riƙa maimaita gurbin da ganga ke bugawa ita kaɗai, masu rawa su samu fili, mai makirufo ya yi magana a kai. Daga nan abin ya taso. Yaran da suka fara a Kaduna ba a wajen 'yan gambara suka koya ba, a kaset da talabijin suka koya. Da yawansu ma ba su taɓa ganin ɗan gambara ido da ido ba.

Inda na yarda da kai shi ne, da suka juyo Hausa sai suka tarar da rumbu cike. Karin magana, kirari, gugar zana, duk suna nan suna jira. Shi ya sa rap ɗin Hausa ya yi saurin tsayawa da ƙafarsa.

Shekara goma sha ina wannan sana'a, bari in faɗi salon kamar yadda na gani daga kujerata. Na farko, na su Baban Khalifa, kiɗan Niyok ne: ganga mai nauyi, bugu wajen 90 a minti, layi goma sha shida sannan amshi, kuma ba ruwan kowa da rawa, kalma ake saurare. Har yau akwai masu yinsa a Barnawa da Narayi, galibi da Turanci. Na biyu shi ne wanda ya zo da kiɗan Atlanta, wato tirap, mai gurnanin 808. Sunan daga wata na'urar ganga ta kamfanin Roland ya samo asali, wadda ta fito a 1980. Wannan kiɗan yana da fili a tsakiyarsa, kuma Hausa ta zauna a kansa daram, domin gaɓoɓinmu gajeru ne, ana iya jero su da gudu. Sai kuma masu haɗawa da kiɗan rawa na Legas don waƙa ta shiga gidan biki. Yaran yanzu kuma diril suke nema, na Shikago da ya bi ta Landan. Mako ba ya wucewa wani bai zo ya ce in sa masa kalangu ko gurmi a kan diril ba.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: yawancin masu haɗa kiɗa a ɓangarenmu a coci suka koyi piyano da ganga. Ni ma haka. Kuma fiye da rabin masu zuwa wajena daga Kawo da Unguwar Rimi da Rigasa suke tsallakowa. Gadar da ta raba gidaje ba ta raba sutudiyo ba.

Malamin Hausa, Kawo:
Na karɓi gyara a kan asali. To amma tunda ka ce Hausa ta zauna daram, bari in faɗi inda take zamewa, don abin yana damuna. Kusan duk kalmar Hausa da wasali take ƙarewa. Saboda haka amsa-amo a wajenmu arha gare shi, yaro zai jera layi ashirin duk suna ƙarewa da "a" ya ɗauka ya yi gwaninta. Gwanintar ba a nan take ba. Tana wajen tsawon wasali da karin sauti. Gari da ake zama a ciki da garin tuwo, tsawon wasali ne ya raba su. Kuka na hawaye da kukar miya, karin sauti ne ya raba su. In mawaƙi ya murɗe kalma don ta dace da kiɗa, sai ya faɗi abin da bai yi niyya ba, ko kunne ya ji kamar baƙo ne ke magana. Su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu gaɓa suke aunawa, mai nauyi da marar nauyi, shi ya sa baitinsu ba ya tuntuɓe. Mai kalangu ma karin maganar baki yake bi, har ka ji abin da ganga ke cewa. Mai rap da ya san wannan, ko bai san sunansa a ilimance ba, shi ne za ka ji waƙarsa ta zauna a bakin yara.

Mai Sutudiyo, Barnawa:
Wallahi Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Akwai yaron da muka maimaita layi ɗaya sau goma sha, na kasa gane me ke damun kunnena, sai wani tsoho mai gadi da ke jin mu ta taga ya ce, yaro, ba haka ake faɗin kalmar ba, ja ta. Yana ja kuwa layin ya faɗa cikin kiɗa.

Ɗan Rigasa:
Amma Malam, Hausar Kaduna ba ta Kano ba ce ba ta Sakkwato ba ce. Mu Ingausa muke yi, mu fara jimla da Hausa mu ƙarasa da Turanci, mu sa broka a tsakiya. In aka ce sai mun yi irin ta littafi, to ba mu ba ne kuma.

Malamin Hausa, Kawo:
Ban hana ka Ingausa ba, ɗana. Garin bariki ne, garin jirgin ƙasa da soja da ma'aikata, harshensa dole ya zama haka. Cewa na yi kalmar Hausar da ka ɗauko, ka ba ta haƙƙinta.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa, Kakuri:
Ni ba mai jin rap ba ne, ɗana ne ya nuna min wannan zance. Ina so in ƙara abu ɗaya da ban ga kowa ya kawo ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ma ta tsaya a 2007. Lokacin da masaƙu ke aiki, in an busa canjin aiki Kakuri ba ta da masakar tsinke, kekuna kamar fari. Yaro ya san in ya gama makaranta akwai inda zai je. Da aka rufe, 'ya'yanmu suka tashi suna ganin uba a gida da rana tsaka, yana jiran haƙƙinsa. Ɗana ya fara rubuta waƙoƙin nan ne a wannan lokacin. Na ɗauka shashanci ne, har na taɓa yaga masa littafi. Daga baya na tsinci wata takarda a ƙarƙashin katifarsa, na karanta, sai na ga labarina ne yake bayarwa, har da kwanon abincin da nake tafiya da shi aiki wanda ya koma na zuba ƙusa. Ban sake hana shi ba.

Hajiya Babba, Unguwar Sarki:
Allah ya saka wa ma'aikata. Amma ni dai a bar ni da ra'ayina. Abin da nake ji a wayar jikokina ba labarin masaƙa ba ne. Zagi ne, da kirarin kuɗin da ba a san inda aka samo ba, da wasa da sunan kayan maye kamar abin ado. Mun ga abin da kodin ya yi wa yaran unguwa kafin gwamnati ta hana shi a 2018. Wanda yara ke haddace maganarsa, akwai nauyi a wuyansa ranar gobe.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Hajiya, ba ki faɗi ƙarya ba, kuma ba zan kare wanda ke tallan ƙwaya ba ko ɗana ne. Sai dai akwai masu wa'azi da shi, akwai masu kukan rashin tsaro da tsadar rayuwa, akwai masu yi a coci. A Kano, lokacin da hukumar tace finafinai ta tsananta daga 2007, har 'yan fim da yawa suka dawo Kaduna da aiki, masu rap irin su Ziriums suna cikin waɗanda suka buɗe baki. Makirufo ɗaya ne, abin da aka faɗa a ciki ne ya bambanta. Abin da ya rage namu ne iyaye, mu zauna mu ji abin da suke ji.

'Yar Malali:
Tun ɗazu ina karantawa ina jiran a ambaci mata, shiru. Na yi rap shekara huɗu lokacin ina karatu a kwalejin Kadpoly. A ɓoye nake zuwa sutudiyo da hijabina, in ce a gida darasi gare mu. Na tara kuɗin aljihuna na kai waƙa wani gidan rediyo, wanda ya karɓa ya ce sai na ba da na goro, na bayar, aka sa ta sau ɗaya da tsakar dare. Da na koma sai maganar ta canja salo, ya fara tambayar inda nake kwana. Ranar na ajiye. Ba murya na rasa ba, kuma ba alƙalami na rasa ba. Namiji in ya yi rap a ce yaro ne mai basira, mace in ta yi a ce ta fi ƙarfin iyayenta, kuma wa zai aure ta. Duk tarihin da za a rubuta, a bar shafi na waɗanda suka bari ba don sun gaza ba.

Maman Joy, Sabon Tasha:
Sannu 'yar'uwa. A ɓangarenmu ma haka ne, sai dai a ce ki koma ƙungiyar mawaƙan coci.

Ɗan Rigasa:
Anti 'Yar Malali, Allah ya isar miki. Yanzu dai an rage bi ta hannun irin waɗannan. Ni a wajen masu tura waƙa na fara jin rap ɗin Hausa, ka ba da mimori da naira hamsin a cika maka, sauran kuma Bluetooth daga waya zuwa waya a majalisa. Sai Arewa24 ta zo a 2014, shirin H Hip Hop na Nomiis Gee ya sa muka ga fuskokin 'yan Bauchi da Kano da Jos da namu a allo ɗaya. Yau kuma yarinya za ta ɗora a TikTok ko Audiomack daga ɗakinta ba ta roƙi kowa ba.

Baba, na sauko daga maganata ta farko, amma rabi. Na yarda akwai mutane kafin mu. To ina aikinsu? Jos za su nuna maka M.I da Jesse Jagz da Ice Prince su ce ga tarihinmu, faifai na nan. Mu in na ce ku kunna min abin da aka yi a Tudun Wada a 1998, me za ku kunna?

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Tambayar da ta hana ni barci ke nan. Ina da kaset guda biyu a cikin akwatin ƙarfe, mun ɗauka a ɗakin abokina da rediyo biyu, ɗaya na kiɗa ɗaya na naɗa. Rabon da in kunna su ya fi shekara ashirin, ina tsoron zaren ya tsinke. A cikin muryoyin da ke ciki, mutum biyu sun rasu, ɗaya a rikicin 2000.

Maman Joy, Sabon Tasha:
Na kira yayana yanzu. Littafin yana nan, ya ce bangon ya cire amma rubutun bai goge ba. Da na karanta masa saƙonka na farko sai ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko abokin naku ɗan soja mai rediyon yana da tabo a gira. Ban san amsa ba. Zan turo maka lambarsa ta akwatin sirri.

Mai Sutudiyo, Barnawa:
Yaya Baban Khalifa, don Allah kada ka saka su a kowace rediyo, tsohon inji cinye zare yake yi. Kada kuma ka bar su a rana ko kusa da lasifika. Ina da dek, wato injin kunna kaset, mai kyau da na gyara bara. Za mu fara juya zaren da hannu a hankali daga farko zuwa ƙarshe don ya saki, in ya tsinke akwai yadda ake liƙa shi, sannan mu juye a kwamfuta sau ɗaya. Ba zan karɓi ko sisi ba. Anti Maman Joy, a zo da littafin mu ɗauki hoton kowane shafi. 'Yar Malali, in waƙoƙinki na nan a wani tsohon mimori, ki kawo ko ki aiko, ba za a saki komai ba sai da izininki. Ina sutudiyo ranar Asabar daga ƙarfe goma.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Yana da tabon, a girar hagu. Ƙofar aji ce ta buge shi muna aji uku. Ki ce wa yayanki Asabar in Allah ya kai mu zan tsallako da kaset ɗin, kuma zan taho da Khalifa da abokin nasa mai rantsuwa.